Bijimin Labaran

Ma'aikata biyu sun riga sun zarga wa bijimin igiya a ƙafa lokacin da Labaran ya faɗo garken a guje, hula a hannu.

"Kai! Ku sake shi! Wallahi wanda ya kayar da shi, ni da shi ne!"

Mista Dantong, malamin dabbobin gandun kiwo na gwamnati, ya juyo riƙe da ƙarfen dandaƙa mai kama da ƙaton awartaki. Mutum ne mai sanyin hali, kuma sun san juna tun suna aikin kuza, kafin kamfani ya sallami Labaran ya koma kiwo.

"Labaran, ba ni na ce ba. Doka ne daga sama. Duk bijimi na gida za a dandaƙe. Wancan kawai zai hau shanu."

Ya nuna wani jan bijimi da gwamnati ta sayo daga ƙasar waje, yana kwance a inuwa yana tuƙa. Ba ƙaho, ba tozo, sai uban jiki kamar an cika buhu. An ce 'ya'yansa za su ninka na gida nama, ƙasa ta daina sayen shanu daga maƙwabta. To, madalla. Labaran bai ƙi ba. Da aka buɗe gandun nan a bayan Bukuru, shi ya fara kawo 'yan shanunsa, suka samu ciyawa da ruwa da allura kyauta. Amma ba wanda ya ce masa abin zai biyo ta kan bijiminsa Gambo.

Gambo jikan saniyar da mahaifiyarsa ta bar masa ne. Annoba ta kwashe sauran, shi kaɗai ya rage a wannan jini. In aka dandaƙe shi, shi ke nan, an rufe gidan Inna.

"In na ƙi fa?"

Dantong ya sunkuyar da kai. "Oga ya ce wanda ya ƙi, ya kwashe shanunshi duka. Labaran, rani ne fa. Ina za ka samu ciyawa?"

Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ƙona wa Labaran rai ke nan. Tsoro ya kama shi sosai. Sauran masu shanu sun jeru a jikin waya, an gama da nasu tun safe. Wani ya ce, "Haba Labaran, dabba ce fa."

"Taka ce dabba," in ji Labaran. Ya durƙusa ya kwance igiyar da hannunsa. "Buɗe mini ƙofa, Dantong."

Haka ya koro shanunsa ta gefen titi, direbobin bas suna ta danna masa oda suna zagi, shi ma yana ramawa. Sai da ya shiga unguwa hankalinsa ya tashi. Hasiya! Matar nan tasa ba ta san wasa ba, ita ta sayar da keken ɗinkinta aka ƙaro karsana saboda gandun nan. Ya tarar da ita a ƙofar gida tana tankaɗe. Ta dubi shanun, ta dube shi.

"Malam, lafiya? Korar ku aka yi?"

Ya gaya mata komai, bai rage ba, yana jiran ruwan masifa. Ta kuwa zazzaga masa. Me za su ci? A ina za su kwana? Shi wane irin mutum ne da ba ya shawara? Maƙwabta suka firfito ana kallo.

Da ta gaji, ta karkaɗe zaninta ta ce, "To, tsayuwar me kake yi? Shigo da su tsakar gida, kafin a ce mun tare hanya."

Shanun suka shige ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan Gambo, ƙahonsa ya tokare zauren hagu da dama. Aka karkata kansa, aka ja, aka tura, ina! Labaran ya jiƙe da gumi.

Hasiya ta tsaya tana duban ginin zauren, wanda bara-bara suka gama shafe shi da siminti. Ta ɗaure ɗankwalinta tamau.

"Suzana," ta ce wa maƙwabciyarta, "ara mini digar mijinki."