Sunan Yankan Ɗanliti

Sungumin ne ya fara faɗuwa, sannan mai shi ya bi shi. Badaru yana tasa gonar yana binne, layin gamba kaɗai ya raba shi da gonar tsohon, ya hango Ɗanliti durƙushe kamar mai neman abin da ya yar. Ya ɗan jira ko zai miƙe, bai miƙe ba. Sai ya ajiye ƙoƙon iri ya tsallaka.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Ƙasa ce ta ɗan juya mini."

"Ka karya kuwa?"

"Na sha ruwa."

Shekara ta biyu ke nan fari yana cin ƙasar Makoda. An yi shuka ta ƙone, an sake ta ƙone, yanzu abin da ya rage a ƙasan ƙoƙo ake turbuɗewa a busasshiyar ƙasa ana jiran sama. Badaru ya goya tsohon, ya ji shi sakayau kamar damin kara. Suka bi ta cikin unguwa, suka wuce gidajen da aka toshe ƙofarsu da ƙaya saboda masu su sun tafi Kano neman abin kai wa baka. Ko kare bai yi musu haushi ba, don karnukan ma sun watse.

Inna Furera, matar Ɗanliti, tana tsakar gida tana tsinke ganyen tafasa. Da ta gan su ta saki tasar.

"Innalillahi! Me ya same shi? Shigo da shi, shigo da shi nan."

Haka take faɗa kullum: shi. In ta matsu ƙwarai ta ce mai gidan nan. Badaru ya tashi yana jin haka ta kan zanar da ta raba gidajensu, bai taɓa kawo komai a ransa ba, don uwarsa ma haka ta yi da ubansa har ya koma ga Allah.

Ɗanliti bai sake fita gona ba. Ƙafafunsa suka kumbura, wuyansa ya zama sai jijiya. Badaru yakan kawo masa kunun dusa in an samu, tsohon ya kurɓa sau biyu ya tura wa matarsa sauran, ita kuma ta ture masa, kunun ya yi ta yawo tsakaninsu har ya huce. Wata rana da la'asar ya ce wa Furera ta je ta duba masa akuya, alhali akuyar an sayar da ita tun bara. Ta gane, ta fita.

"Badaru, na ga iyalinka ta yi nauyi."

"E, Baba. Ko yau ko gobe."

"Allah ya raba lafiya." Ya maida numfashi. "Ka dai san ni Allah bai ba ni ba. Ba ni da kowa a garin nan sai waccan baiwar Allah. In namiji ne, ka sa masa sunana. Kada in tafi sunan ya bi ni rami."

"To, Baba. In Allah ya yarda."

"Ka ɗauka?"

"Na ɗauka."

Tambayar ta zo wa Badaru har kan harshe. To amma ta yaya mutum zai dubi sa'an ubansa, wanda ya ɗauke shi yana tsumma, ya ce masa yaya sunanka? Ai ko a mafarki. Ya haɗiye abarsa, ya ce a ransa Malam Ja'afaru liman ba zai rasa sani ba.

Ranar Alhamis da hantsi Ɗanliti ya cika. Babu wani dogon abu, Furera ta ɗaga kansa za ta ba shi ruwa, ruwan ya dawo ta gefen baki. Masu haƙa kabari suka yi ta karɓa-karɓa, don ƙasar ta yi tauri, su kuma babu ƙarfi. Mutanen da suka tsaya bayan Malam Ja'afaru ba su cika sahu biyu ba. Aka yi wa wannan bawan Allah addu'a, aka rufe shi, kowa ya koma ya ji da yunwar gidansa.

Ba a yi sadakar uku ba Luba, matar Badaru, ta sauka. Namiji, ɗan mitsitsi, amma da murya. Badaru ya tafi zauren Malam neman a yi wa yaro huɗuba.

"Masha Allah! Wane suna ka zaɓa?"

"Sunan Baba Ɗanliti. Shi ya roƙe ni."

"Madalla, ka kyauta. Yaya sunan nasa?"

Badaru ya dubi Malam, Malam ya dubi Badaru.

"Ai ni wurinka na zo in ji, Malam."

"Wurina? Ni ma Ɗanliti na taso na ji ana ce masa. Daga arewa ya zo cirani yana saurayi, ya zauna. Mahaifina ne ya ɗaura masa aure, shi da waliyyan duk suna ƙasa."

"To a sa Ɗanlitin mana."

"Haba Badaru! Litinin rana ce. An haife shi ran Litinin, mata suka laƙaba masa, shi ke nan. Ka taɓa jin an raɗa wa yaro rana?" Malam ya gyara zama, don in aka taɓo wannan fanni ba ya gajiya ko da yunwa. "Suna addu'a ne. Duk wanda ya kira yaro ya yi masa ita, ko ya sani ko bai sani ba. Ka ce Abdullahi, ka shaida bawan Allah ne. Ka ce Sama'ilu, ka jingina shi da annabi. Kuma ranar tsayuwa da sunansa na gaskiya za a kira kowa, ba da wanda aka sa masa a bakin murhu ba. Kai nan da kake zaune, ka san naka?"

"Badaru."

"Badaruddini. Wata ne ɗan daren sha huɗu, na addini."

Badaru ya dubi ƙafafunsa da suka yi furu-furu, bai ga alamar wata ba.

"Ni kuma Ja'afaru, ƙorama ke nan," in ji Malam. "Ga ta nan ta ƙafe bana." Ya yi 'yar dariya, tari ya katse ta. "Ka ji shawara. Ka sa masa Muhammadu. Babu sunan da ya fi shi, marigayin ma ba zai yi fushi ba."

"Na ɗauki alkawari, Malam. Cewa ya yi sunansa."

"To je ka nemo. Yanzu zan yi wa yaro kiran salla a kunne, sunan ya jira. Amma ranar suna ba ta jira."

Badaru ya shiga bin tsofaffin unguwa, waɗanda ba su tafi ba kuma ba su mutu ba. Wani ya ce kamar Audu, wani ya ce a'a, Isa ne. Tsoho Mika'ilu, wanda kunnensa ya yi nauyi, ya rantse da Allah Haruna ne, ya kawo labarin yadda suka yi dambe da shi a kasuwar Ɗambatta, sai can ƙarshe ta bayyana wani Ɗanlitin yake nufi, mahauci, wanda ya rasu tun zamanin Turawa. Mutum ya shekara da shekaru a gari, an ci da shi an sha da shi, an ari garmarsa, ashe ba wanda ya san sunan da ubansa ya yanka masa rago da shi. Abin ya dami Badaru ƙwarai, har ya fi yunwar damunsa.

Saura mutum ɗaya, ita ce kuwa tun farko yake kewaye wa. Inna Furera tana takaba, ba ta fita. Ya je ya tsuguna a bakin ɗakinta, asabari a tsakaninsu, ya gaishe ta, ya yi mata ya ƙarin haƙuri, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.



"Kai, Badaru! A bakina?"

"Inna, babu wanda ya sani sai ke."

"Na sani. Kawuna ya faɗa mini ranar da aka ɗaura, sau ɗaya, ban sake ji a bakin kowa ba. Tun ina yarinya na shigo ɗakin nan, ko a ɓoye ban taɓa kama sunansa ba. Sai yanzu da ƙasa ta rufe masa ido zan yi masa rashin kunya?"

"Shi ya nema, Inna."

"Da ya nema ai da ya faɗa maka. Haka yake, komai sai ya bar wa mutum rabi." Ta ja hanci.

Badaru ya kawo dabara. Ya ce shi zai riƙa jero sunaye, in ya faɗa kan na gaskiya ta yi gyaran murya kawai. Ya fara. Abdullahi, shiru. Yusufu, shiru. Idirisu, Zakariya'u, Sulaimanu, Abdulƙadiri. Ya ƙare annabawan da ya sani ya shiga sahabbai.

"Ya isa," in ji ta. "Sunayen bayin Allah ba abin caca ba ne. Tashi ka tafi."

Ya tashi ya tafi. Bai ji haushinta ba. Da Luba ce aka tsare haka a kansa, shi ma ba zai so ta faɗa ba.

Ranar suna ta zo babu rago, babu goro. Malam ya riga ya ce yanka ya jira Allah ya hore, suna ba ya jiran dabba. Bayan sallar asuba mutane kaɗan suka zauna a kan tabarmi a ƙofar gidan Badaru, kowa ya rungume gwiwa. Maroƙin unguwa ma yana Kano. Malam ya kira Badaru gefe.

"An samu?"

"Ba a samu ba."

"To Muhammadu ke nan. Allah ya ga niyyarka."

Badaru ya ce a ɗan ba shi lokaci ya shiga ciki, ba don yana da abin yi a cikin ba, sai don ƙafarsa ta ƙi tsayawa a wurin. A tsakar gida ya tarar da uwarsa, Kaltume, da jaririn a hannu, ta nufi ɓarakar zanar da mata suke bi tsakanin gidajen biyu.

"Ina za ki da shi, Inna?"

"Furera ce ta yi magana ta kan zana. Ta ce a kawo mata shi ta gan shi."

Ya bi bayanta ya tsaya a bakin ɓarakar. Furera tana zaune a dokin ƙofa, ta rame har zanen takaba ya yi mata yawa. Ta karɓi yaron ta buɗe fuskarsa, ta daɗe tana kallo. Ta taɓa 'yan yatsunsa. Sannan ta juya wa Kaltume baya, ta juya wa zana baya, ta fuskanci bango, ta sunkuya har bakinta ya taɓa kunnen jaririn. Da shi take magana, ba da kowa ba. Amma unguwar ta yi tsit, babu zakara babu turmi, muryar kuwa ta fito da ƙarfin da ita ma ba ta yi niyya ba.

"Abdulwahabu."

Ta ja mayafi ta rufe fuskarta ruf. Kafaɗunta suka yi ta rawa. Kaltume ta dubi ɗanta ta yi masa nuni da haɓa ya tafi.

Badaru ya fita ya durƙusa gaban Malam ya faɗa masa a hankali. Malam ya maimaita sunan a bakinsa, kamar mai ɗanɗana abu.

"Bawan Mai Kyauta," in ji shi. "Wanda yake bayarwa ba don an biya shi ba." Bai ƙara komai a kai ba, abin da ba halinsa ba. Ya ɗaga murya da kansa, tun da babu maroƙi. "Jama'a, sunan yaro Abdulwahabu. Sunan marigayi Ɗanliti ya ci. A yi masa fatiha, a haɗa da mai sunan."

"Ashe haka sunansa?" wani ya ce.

"Allahu akbar. Mun zauna da mutum ba mu sani ba."

"Me aka ce?" in ji Tsoho Mika'ilu. Aka faɗa masa da ƙarfi a kunne. Ya gyaɗa kai ya ce ai shi ma abin da ya faɗa ke nan.

Aka shafa, aka ce Allah ya raya, Allah ya kawo ruwa. Mutane suka tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ɗauki sungumi ya nufi gona tun rana ba ta yi zafi ba. Badaru ya naɗe tabarmi ya shiga gida. Luba ta leƙo daga ɗaki tana tambayar ina yaron, nono ya cika mata. Ya je bakin zana zai karɓo shi.

Furera tana nan inda take. Ta sauke mayafin, ta kwantar da jaririn a cinyarta, tana kore masa ƙuda da gefen zane. Kaltume ta miƙa hannu, Furera ta yi kamar ba ta gani ba.

"Bar shi tukuna," in ji ta. "Mai gidan barci yake yi."