Ƙwarin Alhaji Ɗanƙarami

Alhaji Ɗanƙarami ya yi arziki da fataucin albasa da siminti a Zinder. Wata rana ya je taro Yamai, aka zaunar da shi a layi na uku, bayan wasu mutane da ake ta yi wa tafi saboda suna da fondasiyon, wato gidauniya. Bai jira ya dawo gida ba, tun a mota ya kafa tasa: ta bincike, da ilimi, da ba gwamnati shawara. Duka uku, don kada wani ya riga shi.

Aka ce masa ai bincike sai da mai bincike. Aka kawo masa Malama Fa'iza, wadda ta daɗe tana nazarin tsutsar da ke cinye zangarniyar gero.

"'Yata, me za ki gano mini?" in ji Alhaji.

"Alhaji, akwai wani ɗan ƙwaro, ɗan'uwan zanzaro, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Shi ke kashe tsutsar. So nake in hayayyafa shi, in kai wa manoman ƙauyen Gouna."

"Ƙwaro? Na ɗauka inji za ki ce. To, a gama kafin Babbar Salla, ina da baƙi."

Ta ce sai damina ta yi. Alhaji ya ce a yi wa damina magana.

Ya gina mata ɗakin bincike mai tayil har bango, da ƙaton allo ɗauke da hotonsa yana kallon nesa. Ranar buɗewa aka yanka shanu, maroƙa suka ce tun zamanin sarakunan Damagaram ba a yi masanin kimiyya kamarsa ba. Madubin duba ƙananan halittu kuwa, aka ce yana hanya. Fa'iza ta aro na wata ƙawarta, ta kama aiki.

Da gero ya fara fitar da kai, ta rataya 'yan jakunkuna cike da ƙwarin a gonakin Gouna. Allah ya taimaka, tsutsa ta yi sauƙi, rumbuna suka cika fiye da bara. Manoma suka tambayi sunan ƙwaron, ta faɗa musu na boko, harshe ya ƙi. Sai suka raɗa masa Ɗanƙarami. Ga shi dama sunan ya yi daidai da jikinsa.

Labari ya iso kasuwar Dole. Wani Musa, ɗan kasuwa daga Kano, ya tare Alhaji cikin jama'a.

"Ranka ya daɗe, barka! An ce ka yi ƙwai dubbai a Gouna."

Alhaji ya kira Fa'iza yana huci. "Ni da na yi gini, sunana ya ƙare a kan ƙwaro? A canja!"

"Alhaji, ba ni na raɗa ba. Amma har addu'a suke yi Allah ya yawaita Ɗanƙarami."

Addu'ar ta yi masa daɗi, sai dai bai san wanda za a yawaita ba, shi ko ƙwaron.

Da ta nemi tallafin shekara ta biyu don a kai ƙwaron ƙauyen Zermu, sakatarensa Mahamud ya ce mata an gama da kimiyya, yanzu fondasiyon ta koma sashen shawara. Za a yi taro a otal kan makomar noma, da jakunkuna da huluna masu hoton Alhaji. Har an ba ta minti biyar, bayan cin abinci, da sharaɗin kada ta ambaci sunan ƙwaron.

Ta je, ta ci abincin, ta yi jawabi ga kujeru. Da aka tashi, sai wata mata mai suna Shatu, shugabar ƙungiyar manoma mata ta Zermu, ta biyo ta bakin ƙofa.

"Malama, in mun ba ki ɗaki da gero, za ki koya mana kiwon abin nan?"

Fa'iza ta tambaye ta wace rana motar Zermu ke tashi.