Ranar da Baba Pius Ya Saurari Motar Hajiya

"Koma baya ka sake bi ta kan ramin nan," in ji Baba Pius. "A hankali. Kar ka taɓa birki."

Na ja motar baya, na sake bi. Gaban ya wuce lafiya, amma da tayoyin baya suka faɗa sai ka ce an doki ƙasan kujera da taɓarya. Baba Pius ya ciji leɓe. Idanunsa a rufe suke tun da muka bar kwalta muka kama burjin da ke gangarawa madatsar ruwa ta Gubi. Yana zaune a baya, gefen hagu, tafukansa biyu shimfiɗe a kan kujera.

'Yarsa Omolara, wadda ke gaba kusa da ni, ta juyo. "Baba, ya isa haka. Likita cewa ya yi ka kwanta."

"Wata uku ina kwanciya," ya ce. "Me na ji a katifa? Nan aƙalla mota yana yi mini magana."

Ni direba ne. Shekara goma sha ɗaya ina tuƙa Hajiya Yagana, tsohuwar shugabar makaranta. Bara aka yi mata tiyata a gadon baya, ɗanta ya sayo mata wannan jif ɗin, irin wadda ba sifirin na ƙarfe ke ɗauke da ita ba, jakunkunan iska ne, ɗaya a saman kowace taya. Da farko kamar a kan auduga muke tafiya. Tun wata rana da muka je gonarta a Inkil cikin taɓo, motar ta koma amalanke. Wani bakanike ya canja shokozoba, ba ta canja zani ba. Wani ya ce a cire jakunkunan gaba ɗaya. Ɗan Hajiya kuwa ya ce mota ba ta da laifi, hannuna ne ya tsufa, kuma ƙarshen wata zai kawo wani direba.

Katanga ɗaya ce tsakanina da Baba Pius, a bayan barikin Shadawanka. Daga ƙasar Ondo ya zo yana saurayi, ya yi shekara talatin yana gyaran motocin soja, da ya ajiye aiki ya ci gaba da gyara a ƙofar gidansa, har ciwon hanta ya kwantar da shi. Ban gaya masa damuwata ba. Daga kan gado ya ji ta a ƙarar motar. Ya aiko Omolara ta ce mini, wai injin hura iskar motata yana aiki fiye da ƙima duk safiya, in zo in ɗauke shi a motar ya saurare ta.

A bakin ruwa ya ce in tsaya inda ƙasa ta daidaita. Muka tallabo shi ya fito, ba nauyi, sai ƙashi da riga. Ya kafa sandarsa a ƙasa jikin tayar gaba, ya sa farce daidai bakin ƙarfen da ke samanta. Ya ja ƙafa zuwa tayar baya, ya sake aunawa.

"Ka gani? Yatsa huɗu. Baya ya fi gaba tsawo. In jaka ne ya fashe, da mota ya durƙusa. Wannan ba yunwa ke damunsa ba, ƙoshi ne." Ya jingina da ƙofa yana haki. "Shiga ƙasa, Hammadu. Kusa da tayar hagu za ka ga ɗan akwati baƙi, da ƙarfe siriri kamar biro a jikinsa."

Na kwanta a ƙasa na ja jiki. Na kankare busasshen taɓo da yatsa, sai ga shi.

"Na gan shi, Baba. A lanƙwashe yake."

"Shi ke gaya wa mota tsayinsa. Dutse ya buge shi, yanzu ƙarya yake faɗa. Mota yana tsammani ya zauna ƙasa, sai ya yi ta cika iska, jaka ya yi tauri kamar kankare. Lara, ba shi filaya."

Na kwance ɗan ƙarfen, na miƙo masa. Ya ɗaga shi sama ya rufe ido ɗaya. Ya so ya miƙar da shi da kansa, hannun ya ƙi. Sai Omolara ta ɗora hannunta a kan nasa, suka matsa tare har ya miƙe.

"Wannan zai kai ka gida," ya ce. "Gobe ka nemi sabo, a saita shi da na'ura."

Da na ɗaura na tayar da mota, sai muka ji iska tana fita a hankali, bayan motar yana sauka kaɗan-kaɗan har ya yi daidai da gaba.

Ban san yadda zan kwatanta komowarmu ba. Hantsi ya yi, masara ta yi kore shar a gefen hanya, duwatsu suna can nesa kamar an zana su da shuɗi. Ramukan suna nan inda muka bar su, amma motar sai ta riƙa lilo a kansu. Baba Pius ya kwantar da kai.

"Kwalekwale," ya ce. "Haka na mahaifiyata yake yi in za mu kasuwa. Ruwa baƙi, itatuwa a sama. Ina kwance a kan kwandon rogo." Ya koma Yarbanci, murya ƙasa-ƙasa, kamar yana amsa wa wani. Omolara ta kau da kai tana kallon gonaki.

Da muka iso gari na nufi gida, ya ce, "Kar ka tsaya tukuna." Sai na yi ta zagayawa da shi. Muka bi ta ƙofar bariki, ya ɗaga hannu ya sara wa sojan da bai san shi ba. Muka bi ta kasuwa, yana kiran sunayen mutanen da suka daɗe da rasuwa, yana faɗin irin motar kowa da abin da ke damunta. Wani lokaci ban san ko barci yake ba. Sai da aka kira azahar ya buɗe ido ya ce, "Kai mu gida, maƙwabci. Sallarka zai wuce."

Kwana tara ya ƙara. Ranar Talata da safe Omolara ta kai masa kunu, ya sha cokali biyu, ya ce ta buɗe taga. Kafin ta juyo ya cika.

A lokacin ina hanyar Inkil da Hajiya. Tun da aka yi mata aiki ban taɓa ganin ta yi barci a mota ba sai ranar. Da ta farka ta ce, "Hammadu, maganar sabon direba ka bar ni da yaron nan." Ban gama godiya ba wayata ta yi ƙara, Omolara ce.

A Bauchi aka binne shi, kamar yadda ya roƙa. Hajiya ta zo gaisuwa da kanta, ta zauna a tabarma cikin matan coci, ta riƙe hannun Omolara ta daɗe ba ta saki ba.

Da la'asar aka yi yayyafi, mutane suka watse, aka kwashe kujeru. Na tsaya a ƙofar gidansa, gindin darbejiya. Ƙasar wurin ta sha baƙin mai shekara da shekaru, ruwa ba ya shigarta. Sai ya taru a sama ɗigo-ɗigo, kore da ja da shuɗi suna yawo a kansa a hankali.