Shamuwar Baba Katung

"Kowa ya sa wayarsa a nan," na ce, ina tsaye a ƙofar falon Baba Katung da kwanon silba a hannu. "Wanda kuma ya riga ya ji wani abu, ya riƙe bakinsa."

Anatu ce ta fara jefa tata. 'Yar Kumasi ce, ita hukumar unguwa ke turowa kowace safiya ta yi wa Baba wanka ta ba shi magani. "Ni ban duba komi ba, Maman Ameera," ta ce. "Yarinyan ya kira?"

"Ba za ta kira ba sai mun gama kallo. Haka Baba ya ce mata."

Ahmad, maigidana, ya shigo a bayanta. Ya dube ni ya gyaɗa kai. Abin da nake jira ke nan tun da na idar da sallar asuba. An yi tseren jiragen saman ne jiya Lahadi a hamadar Amurka, lokacin da London ke barci, kuma maganin da ake ba Baba ba ya barin sa ya kai ko isha'i ido biyu. Shi ya sa ya ce a ajiye masa ya kalla da safe kamar yanzu ake yi, kada kowa ya faɗa masa wanda ya ci. Na amince, amma na ce wa Ahmad ba zan kunna wa mutumin da ke kan gadon mutuwa hoton 'yarsa tana faɗowa daga sama ba. Sai muka shirya: shi zai duba, ya gaya mini abu ɗaya tak, a kunna ko kada a kunna. Gyaɗa kan nan yana nufin 'yar tasa, Zigwai, ta sauka da ranta. Sauran ban sani ba.

"Ahmadu," in ji Baba daga kan gado, muryarsa a shaƙe, "fuskarka ba ta iya ɓoye magana. Zauna a bayana."

Ahmad ya ja kujera ya koma bayan gadon kamar ɗan makarantar da ya yi laifi.

Bango ɗaya ya raba gidanmu da na Baba Katung a layinmu na unguwar Barking, a gabashin London. Ranar da muka tare, shi ya fara ƙwanƙwasa mana ƙofa, ya ji ina yi wa Ameera faɗa da Hausa ta taga. Ya ce shi mutumin Zonkwa ne, Kirista, kuma tun rasuwar matarsa bai ci tuwo mai kyau ba. Daga ranar kwanonsa ya shiga cikin kwanukan gidana. Shi kuma duk abin da ya lalace mana, daga injin wanki zuwa motar Ahmad, ba ya kwana a lalace.

A bakin tuwon nan na ji tarihin Shamuwa, gutsi-gutsi. Baba makaniken jiragen soja ne a Kaduna, aka tura shi kwas Amurka, daga baya ya bar aikin ya koma can. Ya samu aiki wurin wani manomin auduga mai son jirage, wanda ya sayi tsohon jirgin yaƙi irin na yaƙin duniya na biyu, mai farfela ɗaya a hanci da mazaunin mutum ɗaya. Suka rage masa tsawon fukafukai, suka cire injinsa suka sa wanda ya fi shi ƙarfi, suka ƙanƙanta gilashin da ke rufe matuƙi, suka goge jikinsa har ya yi santsi. Duk don ya shiga tseren da ake yi shekara-shekara, inda jirage ke zagaya wasu dogayen turaku da aka kafa a hamada, ƙasa-ƙasa, har kana ganin inuwarsu tana gudu a kan yashi. Baba ne ya shafa masa baƙin fenti da farin ciki, ya raɗa masa suna Shamuwa. Ba ya taɓa cewa "shi". Kullum "ita" ce.

Shekarar farko ta zo ta uku. Sau uku tana zuwa ta biyu. Akwai shekarar da ta riga kowa tsallake layi, alƙalai suka ce matuƙin ya yanke ta cikin turke, aka mayar da ita ta huɗu. Shekarar da Baba ba ya son a tambaye shi ita ce wadda tana gaba a zagayen ƙarshe inji ya fashe, matuƙin ya kwantar da ita a kan cikinta cikin yashi, ya fito da karayar ƙafa. Manomin ya tsufa, aka tura Shamuwa cikin rumfar jirage aka rufe. Matar Baba ta samu aikin nas a London, suka taho da ƙaramar 'yarsu, shi kuma ya ƙare aikinsa a garejin bas.

"Kofi bai taɓa shiga hannunmu ba," yakan ce, yana suɗe yatsa. "Amma duk wanda ya ci, sai da ya waiwayo ya ga inda take."

Zigwai ta girma ta zama matuƙiyar jirgin kaya. Ita ta nemo jikokin manomin, ta tara abokai, suka buɗe rumfar. Shekaru suka yi suna gyara. Kusan kullum sai ta kira shi ta bidiyo, ta kai wayar bakin inji, shi kuma yana zaune a kicin ɗina yana cewa a kwance wannan, a ɗaure wancan.

Ciwon huhun ya tsananta ne a ƙarshen Agusta. Aka kawo gadon asibiti aka kafa a falo saboda ba ya iya hawa bene. Ranar da likita ya ce saura kwanaki, ko makonni in an yi sa'a, ni na kira Zigwai. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa. Ta ce za ta yanki tikitin tahowa a ranar, tsere ya sha ruwa. Baba ya miƙo hannu na ba shi wayar.

"In kika taho, wa zai tuƙa ta?"

Na ji tana kuka tana magana da sauri.

"Saurara," ya ce. "Zuwanki ba zai ƙara mini numfashi ba. Ki tuƙa ta, sannan ki zo. Zan jira."

Da ya ajiye wayar na ce, "Baba, wannan alkawarin ba a hannunka yake ba."

"Na sani, 'yata. Sai ki taya ni roƙo ta naku ɓangaren, ni ma ina yi ta nawa."

To, ga shi Litinin ta yi, yana nan. Anatu ta ɗaga kan gadon, ta gyara masa robar iskar da ke hancinsa. Na ja labule saboda rana na dukan talabijin, na kunna.

Jirage bakwai suka gangaro a jere daga sama, kamar an ɗaure su da zare. Shamuwa ce ta uku daga ciki. Wani farin jirgi mai jan hanci ya fita gaba tun a turken farko. Baba ya ce shi ne ya riƙe kofin shekarun nan, kuma injinsa ya fi nata girma.

"Ƙara murya," ya ce.

Na ƙara har gilashin taga ya fara rawa. Jirgin ƙasa na District line ya wuce ta bayan gidaje ba wanda ya ji shi. Baba ya lumshe ido. Na ɗauka barci ne ya ɗauke shi, har na yunƙura zan tsayar, sai ya ɗaga yatsa.

"Bar shi. Ina jin ta. Ba ta buɗe mata wuta duka ba tukuna."

A zagaye na uku Zigwai ta wuce na biyu, wani shuɗi, ta sama ta wajen gefe. Anatu ta matso bakin kujera, tawul ɗin wanka a kafaɗarta. "Ya wuce shi," ta ce. "Baba, yarinyanka ya wuce shi."

Daga nan sai farin da baƙar. Duk kwanar da suka sha, sai su kwanta a gefe ɗaya, bakin fiffike kamar zai shari ƙasa. Ni dai ban san lokacin da na fara karanta duk addu'ar da ta zo bakina ba, alhali na san ta sauka lafiya. A zagaye na shida wani farin abu ya fara fita ta ƙarƙashin cikin Shamuwa, ya ja dogon layi a bayanta. Mai sharhi ya ɗaga murya.

"Baba, hayaƙi ne?"

Ya buɗe ido ya duba. "Tururi ne. Ruwa take fesa wa injin ya huce. Yanzu ta buɗe mata." Hannunsa na dama ya tashi daga kan bargo, ya dunƙule kamar ya riƙe wani abu, yana karkata shi hagu duk lokacin da suka zo kwana.

Ta kamo farin a doguwar miƙaƙƙiyar da ke gaban 'yan kallo. Suka jera. Suka shiga kwana a jere, ita a waje, inda hanya ta fi tsawo. Na ji kujerar Ahmad tana ƙara a baya, ban waiwaya ba. Da suka fito daga kwanar, hancinta na gaba da nasa da abin da bai fi tsawon mota ba. A kwana ta gaba ya zama tsawon bas. Aka ɗaga farar tuta, alamar saura zagaye ɗaya.

"A nan ne," in ji Baba, a hankali. Na gane wurin da yake nufi, bayan turaku na nesa, inda injin ya fashe a wancan karon. Kyamara ta bi ta. Baƙin ɗigo ne kawai a jikin duwatsu, da farin layi a bayansa. Ba wanda ya yi motsi a falon. Ɗigon ya karkata, ya girma, ya zama jirgi, ya taho da rurinsa ya tsallake layi shi kaɗai. Sai da na ja numfashi na saki kafin farin ya biyo.

Anatu ta zame daga kujera ta durƙusa a kan kafet, ta rufe fuska da tawul. Ahmad ya zagayo gaban gadon yana dariya, hawaye na bin gemunsa. "Baba, tun asuba nake riƙe da wannan abin a ciki. Ko shayi na kasa sha."

Baba bai ɗauke ido daga talabijin ba. Yana kallon Shamuwa ta sauka, ta gangaro, farfela ta tsaya. Aka ja gilashin baya, Zigwai ta miƙe tsaye a kan mazauni ta cire hular kwano, gashinta a jiƙe. Wani ya kai mata abin magana. Ta yi godiya da Turanci, sannan ta dubi kyamara ta ce, da Hausarta mai gargada, "Baba, ta ci. Ina zuwa."

Ƙirjinsa ya yi ta hawa da sauka. Na goge masa ido da bakin mayafina.

"Mayar da shi baya," ya ce. "Daga zagaye na shida."

Sau nawa muka mayar a ranar, ban ƙirga ba. Kafin azahar labari ya bi layi. Faston cocinsu ya zo, mai shagon kwanar layinmu ɗan Pakistan ya rufe shago ya zo, tsofaffin abokan aikinsa biyu daga garejin bas suka zo da kayan aikinsu a jiki. Kowa ya shigo sai an kunna masa. Baba ya nemi kunun gyaɗa, ya sha cokali huɗu, abin da ya kwana biyu bai yi ba. Ya ce da Anatu ta aske masa gemu, baƙuwa na tafe.

Ran Laraba da hantsi Ahmad ya ɗauko Zigwai daga filin jirgin Heathrow. A lokacin Baba ya daina magana, sai ido. Ta shigo da jakarta a kafaɗa, rana ta ƙona mata kumatu, ta durƙusa ta kwantar da kanta a kan ƙirjinsa. Kofin yana can, ya fi ƙarfin jaka. Bai nema ba.

Washegari da la'asar na kawo abinci na tarar da ita zaune a gefen gadon. Ta kafa gwiwar hannunta a kan katifa, ta ɗora tafinsa a kan dunƙulen hannunta, tana tuƙa masa tseren daga farko. Tana karkata hannun, nasa na bi. Tana faɗa masa abin da ma'aunin zafin inji ya nuna, da inda iskar farin jirgin ta girgiza ta, da yadda ta ji tsoro a bayan turaku na nesa. Rabi Turanci, rabi Hausa. Na tsaya a ƙofa da kwano a hannu. Ta kai shi har layi, ta rage wuta, ta sauko da ƙafafun jirgi. Kafin ta ce sun taɓa ƙasa, yatsunsa suka saki.

Ta ci gaba da riƙe hannun. Can ta ce, ba ta juyo ba, "Anti, ya tafi?"

Na ajiye kwanon na matsa na duba. "Ya tafi, Zigwai."

Na rufe masa ido, na kashe injin iskar. Ahmad ya kira nas da fasto.

Ran Asabar mutanen asibiti suka zo suka kwance gadon suka fita da shi. Bayan tafiyarsu na leƙa in ga ko Zigwai ta ci wani abu. Ƙafafun gadon sun bar rami huɗu a jikin kafet. Zigwai na kwance a ƙasa a tsakaninsu, da takalmanta a ƙafa, ta yi matashi da hannu, barci ya ɗauke ta. Na koma gida na ɗauko zane na lulluɓe ta, na jawo ƙofar a hankali.