Diyyar Mai Shiga Rijiya

Daren jiya wani mafarki ya zo mini, har yanzu da nake wannan magana bai watse daga kaina ba.

Na ga kaina a wani gari, sanye da kayan aikina na kwana-kwana, igiya ɗaure a ƙuguna. Sunana Mamuda. A ofishinmu na kashe gobara ni ake zurawa cikin rijiya idan mutum ko dabba ta faɗa, saboda ni siriri ne, kuma a da duhu ba ya damuna. To, a garin nan rijiyoyi ba a ƙasa suke ba. A tsaye suke kamar hasumiya, bakinsu yana kallon ƙasa, ruwan yana can sama. Mata suna jefa guga sama su janyo shi cike. Wata ta ce in matsa daga bakin rijiyarta kada in faɗa sama, na matsa, na yi mata godiya.

Abin da ya kai ni garin shi ne abin da nake ta zirga-zirga a kansa ido biyu. Bara da damina aka kira mu wata unguwa. Wani dattijo mai haƙar rijiya, Baba Tanimu, ya shiga yasar wata rijiya, gefenta ya rufta da shi. Ni aka zura. Na same shi laka ta kai masa ƙirji, na kama hannunsa, ina jin yatsunsa cikin nawa, sai ƙasa ta sake zubowa, na sama suka fizge ni. Kafin a tono shi rai ya yi halinsa. Tun daga ranar, da an ɗaura mini igiya sai in kasa matsawa bakin rijiya. Likita ya ce firgici ne ya zauna mini, ciwo ne kamar kowane ciwo, yana bukatar hutu da magani. A wurin aiki aka ce diyya ta wanda ya ji rauni ce a bakin aiki, ni kuwa ko ƙwarzane ban yi ba. In ba zan koma rijiya ba, in ajiye kayan aiki in ba wani wuri.

A mafarkin shugabanmu, Oga Jatau, shi ke riƙe da ɗaya bakin igiyar, yana cin rake. Ya nuna mini rijiyar da ta fi kowacce tsawo, ya ce ofishin diyya yana can ciki, za su zura ni sama. Ya ce in na isa in ja igiya, in ban isa ba ma in ja, don su san ban isa ba. Suka fara sakin igiya, ni kuwa na yi ta tafiya sama, takalmana suna kallon rufin gidajen mutane.

Sai ga ni a wani faffaɗan ofis. Ruwa ne rufinsa, fankoki suna juyawa a cikin ruwan, kifaye suna kauce musu. Ma'aikatan duk kwaɗi ne, kowanne da hularsa da biro a bayan kunne, ko da yake ba su da kunne. Layi ya yi tsawo: 'yan sanda, direbobin motar asibiti, masu kula da haɗurran hanya, 'yan uwana 'yan kwana-kwana. Kowa yana riƙe da rauninsa a hannu. Wani ya naɗe karayar ƙafarsa a jarida kamar tsire, yana tsaye da ƙafafunsa biyu lafiya. Wani ya ɗora ƙunar bayansa a faranti, ya rufe da murfi kada ta huce. A gaba akwai sikeli irin na mahauta. A ɗora rauni, allura ta motsa, a zuba wa mutum diyyarsa a ƙwarya, ya tafi.

A gefe akwai wani dogon benci na waɗanda suka zo hannu rabbana. Wata mata cikin farin kayan jinya ta matsa mini wuri. Ta ce sunanta Sista Lami, a ɗakin 'yan haɗari take aiki, kuma tun ranar da aka kawo musu mutanen da tankar mai ta ƙone ba ta iya shiga kicin. Ta daɗe a bencin nan har kabewa ta yaɗu a ƙafafunta, ta yi 'ya'ya. Ta ce duk sanda layi ya zo kanta sai a tashi aiki, saboda agogon ofishin daga tashi yake farawa. Ta ba ni kabewa ɗaya in riƙe, don kada a ce ban zo da komai ba.

Ban daɗe ba aka kira ni. Kwaɗon da ke kan sikeli ya karɓi kabewar ya ajiye a ƙarƙashin tebur, sannan ya dube ni.

"Ina raunin?"

Na ce a ciki yake. Ya ce in ciro shi. Na ce ba ya ciruwa. Ya kira wani kwaɗo mai rigar likita, shi kuwa ya ɗaga ni da hannu ɗaya ya jijjiga kamar ana jijjiga kwakwa. Kowa ya ji ruwa yana motsi a ƙirjina. Likitan ya ce tabbas akwai wani abu, amma ruwa ba ya cikin raunukan da aka sani.

Suka yi shawara, suka ɗora ni gaba ɗaya a kan sikelin. Allura ta zagaya, ta sake zagayawa, ta fizge ta tashi sama, wani kifi ya haɗiye ta. Kwaɗon ya yi mini bayani cikin ladabi cewa abin da ya fi ƙarfin sikeli ba a auna shi ba ke nan, abin da ba a auna ba kuwa ba shi da nauyi. Ya ce amma ina da damar ɗaukaka ƙara, tunda na lalata musu sikeli.

Sai na ga ina tsaye gaban kwamiti. Manyan tarwaɗu ne cikin manyan riguna, jikinsu a ruwan rufi, kawunansu suna reto ƙasa. Shugabansu mai dogon gashin baki ya ce doka a fili take: raunin da ba a gani sai an kawo shaidar da ya ga shigarsa. Na ce babu kowa a cikin rijiyar nan sai ni da mamacin. Ya ce to a kira mamacin. Masinja ya fita.

Baba Tanimu ya shigo a kan keke, cikin farar riga busasshiya, diga ɗaure a bayan keken. Ya jingine shi a bango, ya gaida kwamiti, ya juyo ya tambaye ni iyali da ruwan bana. Na kasa ɗaga kai in dube shi. Na buɗe baki in nemi gafararsa, ya riga ni.

"Ɗana, sakar mini hannu mana, na gaji da tuƙa keke da hannu ɗaya."

Na duba. Ashe tun shigowata garin hannunsa na dama yana cikin nawa, da lakarsa da sanyinsa. Da shi na yi wa matar nan godiya, da shi na riƙe kabewa.

Aka ce ya faɗi abin da ya gani. Ya ce shi tun yana saurayi yake haƙar rijiya, ya san kukan ƙasa idan za ta zubo. Ran nan ya ji kukan tun kafin in ji.

"Ni na sake shi, ba shi ya sake ni ba," in ji shi. "Na ga yaro da sauran kwana, na zare hannuna don su samu su ja shi. Ina kallo aka yi sama da shi, idonsa yana ƙasa. A nan abin ya shige shi, a gabana."

Tarwaɗun suka haɗa kai. Shugaban ya ce shaidar ta yi kyau, kuma doka ba ta hana mamaci magana ba, amma sai ya dangwala. Da aka nemi babban yatsansa aka ga yana cikin hannun mai ƙara. Aka ce in saki. Na yi ƙoƙari, yatsuna suka ƙi. Kwaɗi suka zo da filaya, ba ta yi ba. Oga Jatau ya yi ta jan igiya daga ƙasa yana kira in sauko, an samu akuya ta faɗa rijiya. Shugaban kwamiti ya dubi agogo ya ce an kusa tashi.

Sai ga matata Huraira ta fito daga cikin wata durowa, da zanenta na aikin gida, riƙe da gwangwanin man kaɗanya. Ba ta gaida kowa ba. Ta zauna a ƙasa, ta ɗora hannuna a cinyarta, ta fara shafa man tana buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai ɓare gyaɗa.

Tana yi tana yi wa kwamiti bayani ba tare da an tambaye ta ba. Ta ce na sa an rufe rijiyar gidanmu da siminti, yanzu sayen ruwa suke yi alhali ga ruwa a ƙarƙashin ƙafarsu. Ta ce idan motar asibiti ta wuce da jiniya nakan shige banɗaki in kulle. Ta ce 'yarmu ƙarama ta daina kama mini hannu, tun ranar da ta kama na yi mata tsawa har ta yi fitsari a tsaye. Ta ce wannan hannun haka yake dunƙulewa in ina barci, har farce ya huda tafin, kuma ita ke buɗe shi. Ban taɓa sanin ta san duk wannan ba. Wani daga cikin tarwaɗun ya katse ta ya tambaya ko ita likita ce.

"A'a," ta ce. "Ni ce mai wanke zanin gadon."

Ƙaramin yatsa ne ya buɗe a ƙarshe. Baba Tanimu ya zare hannunsa, ya miƙe yatsun, ya yarfe lakar. Ya miƙa babban yatsa sama ya dangwala a kan ruwan rufi, shatin ya zauna daram. Ya dafa kaina, ya ce in gaida yara, shi zai wuce, ya bar wata rijiya rabi a inda yake. Ya hau kekensa da hannu biyu, ya fita ta bango.

Sista Lami ta tsinke kabewar da ke ƙafarta ta miƙe, sauran 'yan benci suka miƙe tare da ita, suka matso bayana, don hukuncina nasu ne. Shugaban kwamiti ya gyara riga, ya shafa gashin baki, ya ce sun ji, sun gani, kuma ga abin da suka yanke. Ya buɗe baki. Abin da ya fito ƙara ce mai ƙarfi, gar-gar-gar, ba ta tsayawa. Na ce ranka ya daɗe ban ji ba. Ya ƙara buɗe bakin, ƙarar ta ƙaru.

Injin markaɗen maƙwabta ne. Gari ya waye, rana har ta shigo ta taga, ana niƙa waken ƙosai.

Na jima a kwance ina sauraron injin. Huraira ta shigo da tsintsiya, ta ce in ɗaga ƙafa. Na ɗaga. Ranar Laraba mai zuwa ne za a zauna kan maganata a wurin aiki, zama na ƙarshe, kuma ban faɗa mata ba, don na riga na yanke ba zan je ba. Na tambaye ta ko za ta iya tsayawa gaban mutane ta faɗi abin da take gani a gidan nan. Ta daina sharar, ta dube ni, ta dubi hannuna.

"Yaushe?"

Na ce Laraba, da safe.

Ta ce to, sai in nemo wanda zai ɗauko yara daga makaranta. Ta ci gaba da shara.