'Yan Amshin Radiyya

Duk Kausani babu wanda bai san muryar Mairo ba. Tun tana budurwa take bin masu kiɗan ƙwarya gidajen biki tana yi musu amshi, kuma har yau da furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta, in ta rangaɗa guɗa sai kajin maƙwabta sun watse. Shi ya sa ranar da aminiyarta Hansai ta nuna mata bidiyon Radiyya, 'yar ƙaninta Sabo, ba waƙar ta fara saurara ba. Sai da ta fara duba bayan yarinyar.

Babu kowa. Radiyya ce ita kaɗai a kan dandamali tana zuba magana kamar ana juye gero a buhu, sai wani saurayi can a lungu yana danne-dannen na'ura. Wai gambarar zamani ce da ake kira *rap*, wai ɗaliban jami'ar Wudil sun haddace waƙoƙinta kaf, wai har gidan rediyo ya fara sa su. Duk wannan bai shiga kunnen Mairo ba.

"Ina 'yan amshinta?"

"To, ni dai ban ga kowa ba," in ji Hansai.

"Innalillahi! Mawaƙiya babu amshi, kamar marar dangi? Sabo yana gona yana washe baki 'yarsa ta yi suna, bai san a tsaye take ita kaɗai kamar wadda aka tsinto ba."

Abin ya tsaya mata a rai. Ita ta goyi Radiyya, kuma ta rantse muddin tana numfashi ba za a kalli yarinyar nan a ce ba ta da kowa ba. Da ta ji ranar Asabar bayan la'asar yarinyar za ta yi babban wasa a zauren ɗaliban jami'ar, sai ta tara tsoffin abokan amshinta, suka ɗauro ankon bikin bara, suka cika Adaidaita guda har da ɗosane. Ba ta gaya wa Radiyya ba. Taimakon dangi ai ba a neman izini.

A bakin zauren wata ɗaliba mai suna Kyauta, 'yar Gombe, ce ke duba tikiti. Ta ga atamfa iri ɗaya ta nufo ta, sai ta rusuna.

"Sannunku da zuwa, Mama. Ina wuni? Ya gajiyar hanya?"

"Lafiya lau, 'yata. Ya karatu? Ya mutanen gida? Mu dangin mai waƙa ne, ni ce goggonta."

"Goggon Radiyya?" Kyauta ta dafe ƙirji. "Mama, ni fa *fan* ɗinta ce ta farko! Duk inda za ta yi wasa sai na je. Ku zo, a gaba za ku zauna."

Da Radiyya ta fito, zauren ya kaure. Wayoyi suka tashi sama, samari na tsalle, 'yan mata na kiran sunanta har muryoyinsu na dishewa. Kyauta, wadda ta tsuguna kusa da Mairo, tana bin baitukan kalma da kalma, ido cike da ƙwalla. Mairo ta ji daɗi, ba za ta yi ƙarya ba. Amma a wajenta wannan duk hayaniya ce. Amshi dabam yake: mawaƙi ya jefo baiti, ku cafe, ya samu ya ja numfashi. Waɗannan yara kuwa tare suke gudu da ita, babu mai tare mata ko gaɓa ɗaya. Ga yarinya tana ta haki, gumi har haɓa.

Mairo ta kasa kunne tana neman abin kamawa. Can sai ta ji:

"Ni 'yar bakin kogi ce, ba na tsoron ruwa,
Na haye gada da ƙafata, ban jira mai mota ba..."

Yauwa. Ta zunguri Hansai, Hansai ta zunguri ta kusa da ita. Suka miƙe tsaye, suka haɗa tafi, suka saki murya irin wadda ba ta buƙatar lasifika:

"Ba ta tsoron ruwa, 'yar bakin kogi!"

Ai kuwa amshin ya faɗa tsakiyar baiti na gaba kamar akuya a cikin shanya. Radiyya ta yi tuntuɓe da kalmominta, ta nemi kamo zaren, matan suka sake rangaɗa mata wani. Sai ta tsaya cak. Kiɗa na ta tafiya babu mai hawa. Wani daga baya ya ƙyalƙyale da dariya, wasu suka taya shi, wayoyin nan duk suka juyo kan masu anko.

"Mama," Kyauta ta raɗa mata, "ba a yin amshi a *rap*."

Nan take Mairo ta sauke hannuwanta. Ta zo rufa wa yarinya asiri, ga shi ta ɓata mata wasa a gaban jama'arta. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba a gidan biki. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta fara laluben hanyar fita.

"Goggo!"

Muryar ta fito ta lasifika, ta cika zauren. Radiyya ta matso bakin dandamali, hannu a ƙugu, tana dariya har da hawaye.

"Goggo, ina za ki? Kin ɗauko amshi tun daga Kausani, sai ki yar da shi a nan?" Ta juya ga ɗalibai. "Jama'a, ku gaishe da Goggo Mairo. A bayanta na fara jin kiɗa." Sannan ta ɗaga wa mai na'ura hannu. "Lukman, sassauta mana. Zan riƙa bar musu wuri."

Kiɗan ya lafa. Radiyya ta jefo baitin, ta yi shiru, ta miƙo abin maganar wajen goggonta. Mairo ta tsaya, ƙafa ɗaya a hanya. Hansai ta ce, "Ke, cafe mana!" Sai ta cafe. 

A zagaye na biyu Kyauta ta shiga. A na uku layin gaba ya ɗauka, abin ya kai har baya wajen wanda ya fara dariyar, yanzu shi ya fi kowa buɗe baki. Kafin a jima zauren gaba ɗaya ya zama 'yan amshi: Radiyya ta jefo, su cafe, ta ja numfashi, ta dawo da wanda ya fi na baya zafi. Tafin matan Kausani ya hau kan kiɗan Lukman ya zauna daram. Wata daga cikinsu ta yi guɗa, 'yan mata suka gwada kwaikwayonta, abin ya fito kamar kukan 'yan tsaki, aka yi ta dariya ana ci gaba.

Ana tsakiyar haka Mairo ta koma kujerarta ta zauna, ta ɗora hannuwa a cinya. Tana kallon Radiyya, tana kallon bakunan nan da ba ta san ko ɗaya ba suna ɗauke da amshinta. Daɗi ya cika ta.

Hansai ta sunkuyo tana haki. "Lafiya kika yi shiru? Ke ce fa uwar amshi."

Mairo ta share ido da bakin mayafi.

"Bar ni in saurara, Hansai," ta ce. "Yarinyar nan ta samu mutane."