Wa Ke Kwashe Takin Tanimu?

Tanimu ya tsuguna bakin ramin, ya zura hannu ya laluba, ya fito da shi wayam. Babu taki, babu kara, ko gara ɗaya babu. Ya leƙa na gaba, shi ma haka. Ya cire hula ya sosa ƙeya, don tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa jin labarin ɓarawon kashin kaji ba.

Gonar fako ce a bayan Guna, gadon ubansu, shekarun farin nan sun mayar da ita kamar daɓe. Wani malamin gona daga Damagaram ne ya koya musu tassa: a haƙa ƙananan ramuka, a zuba kashin kaji da guntun kara, gara ta zo ta huda ƙasa, ɗan ruwan da ya samu ya sami hanyar shiga. Kaji su ciyar da gona, gona ta ciyar da kaji, in ji shi. Tanimu ya ƙare rani yana sara da diga har tafinsa ya yi kanta. Yayansa Gambo kuwa ya riga ya yanke magana: in bana ma ba ta ba da hatsi ba, masu bulo za a sayar wa, kowa ya kama gabansa.

Da ya kai wa Gambo labarin, ko kai bai ɗago ba, ya ce ai dama wurin da mutanen ɓoye, tsamiyar nan ba a banza take tsaye ba. Liman ya ce bushiya ce. Wani a tashar mota ya rantse hassada ce, a nemi laya a binne. Tanimu ya koma gida kansa ya fi na safe ɗaurewa. Ina bushiya ina share rami tas? Aljani kuma, duk abincin duniya ya rasa sai kashin kaza? Matarsa Balki ta tambaye shi ko lafiya, ya ce lafiya lau, wai shi mai ɓoye wa mace abin tsoro.

Washegari daga masallacin asuba ya zarce gona da sanda, ya laɓe bayan sabara. Gari na fara haske ya hango mutum a tsugune, yana kwasar rami yana zubawa a ƙwarya. Ya karanto duk addu'ar da ya iya, ya matsa. Zanen da ke jikin mutumin ya fara ganewa, shi ya sayo shi da salla.

"Balki? Ke ce?"

Ko razana ba ta yi ba. Ta nuna masa ƙwaryar, gara na ta motsi cikin taki, ta ce garar take kai wa 'yan tsakinta su ci, kuma tun da ta fara ko ɗaya bai mutu ba. Ba shi ne da bakinsa yake maimaita maganar malamin gona cewa gona za ta ciyar da kaji ba?

Ya ce kaji ne za su fara ciyar da gona. Ta ce to, matacciyar kaza tana kashi? Ya shiga lissafi a ransa. In ta kwashe gara, ƙasa ba ta buɗewa, gona ta tafi hannun masu bulo. In ta bari, kaji su ƙare, taki ya ƙare, gonar dai ta tafi. Ya juya maganar ta nan, ya juya ta can, ya rasa inda kanta yake. Haushi ya taso masa, ya ce ta ba su dusa mana, kamar kowace mace.

Balki ta dube shi.

"Malam, wace dusa? Ita kake ci a tuwo tun watan jiya."

Kunya ta rufe shi, har sandar ta yi masa nauyi a hannu. Ya dubi ramukan da ya kashe ƙarfinsa a kai, jere har gindin tsamiya. Rabinsu ba zai ba da hatsin da zai rufe bakin Gambo ba, shi ma ya sani. Ya ja layi da ƙafa a tsakiyar gonar, ya ce daga nan zuwa gabas nata ne, kada ta taɓa na yamma.

Sannan ya ajiye sandar, ya tsuguna kusa da ita, ya riƙe mata ƙwaryar.